Bayan Shekara 40: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A Yola da Jimeta gaisuwa ba ta ƙarewa da wuri. In ka fito da safe, kafin ka kai bakin titi ka tari keke, an tambaye ka lafiyarka ya fi sau biyar. Mai shayi ya ce an tashi lafiya, maƙwabci ya ɗago hannu ya ce "jam ɓandu na?", wato ko jiki lafiya, abokin aiki ya kira a waya ya tambayi gida da iyali. Amsarka ɗaya ce kullum: lafiya lau, alhamdulillahi. Amsa ce mai kyau, kuma ladabi ne. Amma mai karatu, in ka haura shekara 40, tsaya ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: wannan "lafiya lau" da kake faɗa, yaushe rabon da ka bincika ka tabbatar da ita?

Dalilin tambayar shi ne, cututtukan da suka fi kayar da mutane a tsakiyar rayuwa ba sa sallama kafin su shigo. Zazzaɓin cizon sauro yana zuwa da sanyi da ciwon gaɓoɓi, ka san ya zo, ka nemi magani. Hawan jini kuwa yakan shekara goma a jikin mutum yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, mutum yana zuwa kasuwa, yana zuwa ɗaurin aure, bai ji komai ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa babban mutum ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. In kuna shida a majalisarku ta yamma, to, a wannan lissafin biyu suna ɗauke da shi, ɗaya daga cikinsu kuma bai sani ba. Babu abin da ya hana wannan ɗayan ya zama kai.

Jikin da aka gina don tafiya

Iyayenmu da kakanninmu na wannan yanki ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwar ce kanta motsa jiki. Makiyayi yana bin shanu da ƙafa tun fitowar rana. Manomi yana duƙe a fadamar Gerio. Masunci yana tuƙa kwalekwale a Binuwai. Mace tana daka, tana surfe, tana ɗebo ruwa, tana kai nono kasuwa da ƙwarya a ka. Abincinsu tuwon dawa ne da miyar ganye, da kindirmo, da kifi in an samu. Mu 'ya'yansu mun gaji jikinsu da cinsu, amma mun bar musu aikinsu.

Dubi yininka na jiya. Ka fito daga gida a Jambutu ko Karewa ko Bekaji, keke ya ɗauke ka daga ƙofar gida ya sauke ka a ƙofar ofis ko shago. Ka zauna. Yaro ya kawo maka masa, da rana aka kawo shinkafa da lemo mai sanyi. Da la'asar ka koma a keke ko mota, ka zauna a majalisa, ka shiga gida ka ci tuwo da ƙarfe goma na dare, ka kwanta da waya a hannu. In aka haɗa duk tafiyar da ka yi da ƙafa, da wuya ta kai ta minti 15. Ba lalaci ba ne, haka zaman birni ya mayar da mu. Sai dai jiki bai san uzuri ba.

Tun a 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya gano haka. Ya bi lafiyar dubban ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, iska ɗaya suke shaƙa, awa ɗaya suke tashi. Bambancin kawai shi ne direba yana zaune duk yini, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Da aka duba, ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu mummunan kamu. Direban keke a Jimeta, da mai shagon atamfa a babbar kasuwa, da ma'aikacin sakatariya, duk a kujerar wancan direban suke zaune.

Ƙari a kan haka, daga wajen shekara 30 naman jiki mai ƙarfi yana fara raguwa a hankali in ba a aiki da shi, kitse kuma yana taruwa a ciki. Mu kuma sai mu ga tumbi ya fito mu ce hutu ne, ko arziki ya zauna. Mace ta yi ƙiba a ce mijinta ya iya kiwo. Kitsen da ke kewaye da hanji da hanta shi ne wanda ya fi kusa da ciwon suga da hawan jini.

Lambobi uku da ya kamata ka sani kamar lambar wayarka

Ɗan kasuwa ba ya cewa shagonsa na tafiya daidai don kawai ya ga mutane na shiga da fita. Sai ya buɗe littafi ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Sanin kai a fagen lafiya ma daga lissafi yake farawa.

Lamba ta farko ita ce awon jini. Ana yin sa cikin minti biyar a cibiyar lafiya ta unguwa, ko a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda da aka sani da FMC. Kantunan magani da yawa ma suna da na'urar. Ka zauna ka huta minti biyar kafin a gwada, kada ka sha shayi ko ka ci goro dab da gwajin. Za a ba ka lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, aka sake gwadawa a wata rana daban aka samu haka, to hawan jini ne, sai ganin likita. Kada ka yarda a ce maka "ba laifi" kawai. Ka tambayi lambar, ka rubuta ta da kwanan wata.

Ta biyu ita ce sugan jini. Ana gwada shi da safe kafin ka ci komai. In ya kai 126 a ma'aunin da yawancin na'urorinmu ke nunawa, ko 7 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita aka samu haka, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 kuwa gargaɗi ne: kana bakin ƙofa, ba ka shiga ba tukuna. Wannan gargaɗin alheri ne ga wanda ya same shi da wuri. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke bakin wannan ƙofa, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai nauyin kilo 90, kilo 6 ke nan da ɗan ɗoriya. Ba a ce ya koma kamar yadda yake yana saurayi ba.

Ta uku ba ta buƙatar asibiti ko ko sisi. Nemi zare ko igiya, ka auna tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka ninka zaren biyu, ka zagaya shi a cikinka daidai saitin cibiya ko sama kaɗan. In bakin zaren ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Ƙa'idar ita ce kewayen cikinka kada ya kai rabin tsawonka: mai tsawon santimita 170, cikinsa ya tsaya ƙasa da 85. Telanka ma ya san wannan labarin, domin shi ne yake ƙara maka awo duk Sallah bai faɗa maka ba.

Bayan lambobin nan akwai tarihin gidanku. Zauna da gwaggo ko kawu ka tambaya da kyau: me ya yi ajalin Baba? Inna da aka ce ta faɗi a banɗaki ɓarin jikinta ya shanye, an taɓa auna jininta? Kawu da aka yanke wa ƙafa, me likita ya ce? A gidaje da dama irin waɗannan rasuwa an bar su a kan iska ko jifa, alhali hawan jini ne ko suga. In suna cikin danginku, kai ma kana kan layi, kuma ya kamata ka riga kowa zuwa gwaji.

Ina ɗakinka yake yoyo?

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita zai ba ka shawara irin wadda yake ba kowa, amma kai kaɗai ka san inda taka matsalar take. Hanya mafi sauƙi ta gano wurin ita ce ka ɗauki kwana uku kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka, da lokacin da ka kwanta, da tsawon zaman da ka yi. Kada ka gyara komai a kwanakin nan, ka rubuta gaskiya kawai. Abin da za ka gani zai ba ka mamaki.

Wani yoyonsa lemon kwalba ne. A zafin Yola na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, wa zai ga laifin mai neman abu mai sanyi? Amma robar lemo ta rabin lita takan ɗauki suga da ya kai cokalin shayi 12 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce sugan da babban mutum zai sha a yini gaba ɗaya kada ya wuce kimanin cokali 12, in ya yi rabin haka ma ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon yini, ba a zo kan shayin safe mai madarar gwangwani ba, ba a zo kan kunun gyaɗa da zoɓo da aka zuba wa suga da ludayi ba.

Wani yoyonsa gishiri ne. Abin da hukumar ta ba da shawara shi ne ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke cikin miya da burodi da yajin tsire. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa huɗu ko biyar a tukunya, kusan rabinsa gishiri ne, ga kuma gishirin da aka zuba daban. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi suna ba miya daɗi tun kafin dunƙule ya zo ƙasar nan. In aka rage a hankali, cikin makonni kaɗan harshe yake sabawa.

Wani kuma cin dare ne yoyonsa, ko tsire da balangu duk yamma, ko taba, ko barcin awa huɗu. Wani damuwa ce: kuɗin makaranta, haya, dangi da ke jiran albashinsa, ya rasa wanda zai faɗa wa, sai ya huce a kan abinci ko a kan iyali. Akwai kuma mai shan maganin ciwon jiki kullum kamar gyaɗa. Irin su ibuprofen da diclofenac suna iya ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman a jikin da zafi ya ƙafar da ruwansa. Kowa da nasa. Ba a toshe ramuka biyar rana ɗaya. Ka zaɓi mafi girma ka fara da shi.

Tsoro ba ya kai mutum nesa

Kusan kowa ya taɓa yin niyya. An dawo daga jana'izar abokin karatu wanda jiya-jiya aka gan shi garau, jiki ya yi sanyi, aka ce daga gobe an daina lemo, an fara tafiya. Kwana bakwai ba su cika ba an koma gidan jiya. Ba raunin hali ba ne. Tsoro kamar wutar kara yake, ya tashi da ƙarfi ya mutu nan da nan. Abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru shi ne dalili nasa na kansa, wanda yake gani da idonsa kullum.

Ga wani lissafi da za ka yi yau. Shekarunka nawa, shekarun autanka nawa? In kana da 48, autarka tana da 4, ranar da za ta gama sakandare kana da kusan 62. In ma'aikacin gwamnati ne kai, ka riga ka yi ritaya, tunda a mafi yawan ma'aikatu shekara 60 ce iyaka, ko 35 a bakin aiki. Wa zai biya mata jami'a? Wa zai tsaya ranar aurenta? Rai na hannun Allah, babu mai musu. Amma ko za ka kai ranar a tsaye da ƙafarka ko a kwance ana juya ka, akwai rabonka na ƙoƙari a ciki. Kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, ko ya ga kuɗin da wankin ƙoda ke ci duk mako, ya san cewa ciwon mutum ɗaya yana iya cinye gona da fili da karatun yara.

Wani dalilinsa aikin Hajji ne da yake tara wa kuɗi shekara da shekaru. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau bakwai, ta haura kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa a cikin rana. Wanda ba ya iya tafiya daga gida zuwa kasuwa sai ya tsaya hutu, ya kamata ya fara shirin ƙafa tare da shirin aljihu. Wata dalilinta shi ne ta ci gaba da sallah a tsaye ba a kan kujera ba, ko ta ci gaba da tsayuwa cikin mawaƙan coci. Wani yana so ya koma gona bayan ritaya. Wata tana so ta goya jikokinta. Babu dalilin da ya yi ƙanƙanta, in dai naka ne. Ka rubuta shi a takarda da jimla ɗaya, ka liƙa a inda za ka gan shi da asuba, domin ranar da sanyi ko kasala suka danne ka, shi ne zai tashe ka.

Kuma kada ka ce ba ka da juriya. Mutumin da yake azumin wata guda a zafin Yola, tun asuba har faɗuwar rana bai kurɓi ruwa ba, ba za a ce masa ba ya iya haƙura da lemo ba. Juriyar tana nan. Dalili take jira.

Abin da zai yiwu a garin nan

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema ga babban mutum shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar, da kuma kwana biyu na aikin da ke ƙarfafa naman jiki. Tafiya da sauri ta wadatar. Ma'auninta shi ne numfashinka ya ɗan ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Ba sai ka sayi kayan wasanni ko ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Takalmi mai daɗin tafiya kawai ake bukata.

A nan lokaci shi ne komai. Da rana tsaka a bazara fita tafiya ganganci ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba zuwa fitowar rana, ko bayan la'asar sakaliya. Ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. In fitsarinka ya yi duhu, ruwa bai ishe ka ba. Da hunturu, in ƙura ta yi yawa, mai asma ko tari ya rufe hanci ko ya yi nasa a tsakar gida. In kana bin gefen titi da duhu, ka sa tufa mai haske, ka fuskanci motocin da ke tahowa.

Dabarar da ta fi aiki ita ce ka ɗaura sabon abu a jikin tsohon da ka saba. Ka riga ka tashi asuba, to maimakon ka koma gado, ka wuce daga masallaci ka zaga unguwa. Ka sa mai keke ya sauke ka tun da sauran tafiyar minti goma. Ranar Juma'a ko Lahadi ka tafi wurin ibada da ƙafa in ba nisa. Mai shago ya tashi duk bayan awa ɗaya ya ɗauko kaya da kansa maimakon aiken yaro. Na kusa da Dandalin Ribadu ko wani filin makaranta ya zaga shi. Don ƙarfin ƙafa, ka zauna a kujera ka tashi sau goma ba tare da dafa komai ba, ka huta, ka sake. In ka daɗe ba ka motsa ba, ka fara da minti goma. Sannu ba ta hana zuwa.

A kwano kuma, ba a ce ka bar tuwo ba. Ka rage malmala, ka ƙara miya da ganye. Kuka, kuɓewa, zogale, yakuwa, alayyahu, wake, gyaɗa, kifin Binuwai, kindirmo ba suga, duk suna kasuwa kuma sun fi kayan gwangwani araha. Abincin dare a ci shi da wuri.

Sannan ka nemi abokin tafiya. Mutum yakan saɓa wa kansa alkawari cikin sauƙi, amma yana jin nauyin barin maƙwabci tsaye a ƙofar gida yana jiransa. Wasu za su yi maka dariya, su ce Alhaji me ya yi zafi, ko mota ta lalace ne. Ka amsa da fara'a ka wuce. Cikin masu dariyar akwai wanda zai biyo ka wata mai zuwa.

Ke kuma, uwargida

Ke ce kike sanin ranar rigakafin yara, da maganin maigida, da abin da surukarki ba ta ci. Naki awon fa? Mata da yawa rabonsu da a gwada jininsu tun awon cikin auta. In an taɓa ce miki jininki ya hau ko suganki ya hau lokacin goyon ciki, kina cikin waɗanda ya kamata su riƙa gwaji a kai a kai, ko da komai ya daidaita bayan haihuwa. Tsakanin shekara 45 da 55 yawancin mata al'ada take ɗauke musu, kuma daga nan haɗarin ciwon zuciya da raunin ƙashi yake ƙaruwa, kitse kuma yana komawa ciki. Zufar dare da rashin barci da saurin fushi na wannan lokaci ba aljanu ba ne, kuma akwai taimako a asibiti. Ki riƙa duba ƙirjinki, in kin ji ƙullutu kada ki jira ya yi ciwo. Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Ki kuma tambayi ma'aikatan lafiya gwajin bakin mahaifa.

In fita tafiya ba ta yi miki daidai ba, tsakar gida ta isa. Ki zaga ta minti 20 kina sauraren rediyo, ko ku haɗu ku uku da maƙwabta bayan an kai yara makaranta. Shara da wanki da daka da kike bar wa yara duka, ki riƙe wani abu a ciki. Magungunan ƙiba da ake tallatawa, ki yi nesa da su, domin wasunsu suna ɗaga suga da jini. Maigida kuma ya sani, ludayin gishiri yana hannunta, amma in ya yi ƙorafin miya ta yi salam, shi ya mayar da hannun agogo baya. Gidan da aka gyara tukunya, kowa ya amfana har yara.

Ranar da ka faɗi

Za ka faɗi, wannan tabbas ne. Biki zai zo, Sallah za ta zo da nama, tafiya za ta taso, damina za ta hana fita kwana uku. Masu ɗorewa ba su ne waɗanda ba su taɓa fashi ba, su ne waɗanda suka fasa jiya suka fito yau. Ka rataya kalanda, duk ranar da ka yi tafiya ka sa alama. In ka ga kwana biyu a jere babu alama, na uku kada ya wuce ka. Kada sikeli ya karya maka gwiwa, domin jini da suga sukan fara gyaruwa tun nauyi bai motsa ba. Ka lura da wasu alamun: barci ya yi daɗi, matakala ta daina sa ka haki, ɗaurin wando ya sassauta.

Akwai iyaka biyu da ba a wasa da su. In likita ya ɗora ka a kan maganin hawan jini ko suga, tafiya da gyaran abinci ƙari ne a kan maganin, ba madadinsa ba. Kada ka daina sha don ka ji sauƙi, ko don wani ya ba ka jiƙo ya ce yana warkarwa gaba ɗaya. Jin sauƙin nan aikin maganin ne. Na biyu, in kana da ciwon zuciya, ko kana jin ƙirji na ɗaurewa ko jiri in ka yi tafiya, ka ga likita kafin ka fara. In kuwa ka ga bakin wani ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe masa farat ɗaya, a nufi asibiti a take, ba kemis ba, ba jiran gari ya waye ba. A irin wannan, awa ɗaya tana iya raba mai tashi da mai kwanciya.

Duk ranar 17 ga Mayu duniya na tunawa da hawan jini, 14 ga Nuwamba kuma ciwon suga, amma kai ba sai ka jira su ba. A makon nan ka je a auna jininka da suganka, ka ɗauki uwargida ku tafi tare. Ka yi awon zare a ɗaki. Ka rubuta lambobin uku a takarda, a ƙasansu ka rubuta dalilinka. Jibi da asuba ka fita minti goma. In mai shayi ya tare ka a hanya ya ce an tashi lafiya, sai ka amsa masa da abin da ka sani.

Allah Ya ƙara mana lafiya da nisan kwana mai amfani.